Koyon Japananci: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ribarsa da Wahalarsa

Wace riba ce a harshen da ƙasa ɗaya tak ke magana da shi?

Gaskiya ne, Japananci ba kamar Larabci ko Faransanci ba ne da za ka ratsa ƙasashe da shi. Masu jinsa kusan duk suna cikin Japan, su kimanin miliyan 124. Amma ƙasar tana sahun gaba a ƙarfin tattalin arziki, kuma harkokinta na cikin gida, daga taron kamfani har takardar haya da ta asibiti, da Japananci ake yin su, ba da Turanci ba. Ga jama'arta na raguwa suna tsufa: kusan kashi 29 cikin 100 sun kai shekara 65 ko sun haura. Saboda haka ƙofofin da a da suke rufe ga baƙi suna ta buɗewa sannu a hankali, kuma abin da ake fara tambayar baƙo shi ne ko yana jin harshen.

Sai dai a san wani abu tun daga farko. Harshen shi kaɗai ba ya ciyar da mutum. Injiniya mai jin Japananci, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai fitar da amfanin gona, ko masanin kwamfuta, su ne ke cin moriyarsa. Wanda ba shi da sana'a a hannu, to ya haɗa koyon harshen da koyon sana'a.

Ana cewa yana da wuya ƙwarai. Bahaushe zai iya furta shi kuwa?

A nan Bahaushe ya fi Bature sa'a nesa ba kusa ba. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, daidai da na Hausa, kuma yawancin gaɓoɓinsa baƙi ne da wasali: ka, ki, ku, ke, ko. Abubuwa uku da ke wahalar da mai jin Turanci, kunnen Bahaushe ya riga ya saba da su tun yana goye.

Na farko, jan wasali. Obasan na nufin gwaggo ko inna, obaasan kuwa kaka. Na biyu, nannage baƙi: kite na nufin "zo", kitte kuwa kan sarki ne na wasiƙa. Na uku, hawa da saukar murya. Ame idan muryar ta fara a sama ta sauko, ruwan sama ne; idan ta fara a ƙasa ta hau, alewa ce. Wanda ke bambanta fari da fara da fāri ba tare da ya tsaya tunani ba, ba zai sha wuya a nan ba, in dai ya saurara da kyau tun farko. Har sautin "f" ɗinsu da leɓɓa biyu ake hura shi, kamar yadda Hausawa da yawa ke yi.

Inda ake tuntuɓe shi ne "tsu". Bahaushe yakan matse maƙogwaro kamar zai ce "tsuntsu", alhali nasu sake ne, ba matsi. Sannan "u" ɗinsu ba a turo baki gaba wajen faɗinsa, kuma a ƙarshen kalmominsu na ladabi, desu da -masu, kusan ba a jin sa.

Nahawunsa fa?

Ta wani fannin ya fi na Hausa sauƙi. Babu jinsi, ba ruwanka da "ya" ko "ta", "ne" ko "ce". Yawancin sunaye ba su da jam'i. Aikatau ba ya canzawa don mai aikatawa ya canza, kuma manyan aikatau masu bauɗewa daga ƙa'ida biyu ne kawai, suru da kuru.

Wahalar tana cikin jerin jimla. Aikatau a ƙarshe yake zuwa. "Ina shan ruwa" a wurinsu Watashi wa mizu o nomimasu ne, wato "ni, ruwa, sha". Waɗannan ƙananan kalmomi, wa, ga, o, ni, de, su ke nuna aikin kowace kalma, kuma bayan kalmar suke zuwa. Korewa ma a wutsiyar jimla take, don haka ba ka san ko mutum ya yarda ko ya ƙi ba sai ya rufe baki. Bambancin wa da ga yana ɗaukar shekaru kafin ya zauna. Kada mai koyo ya tsaya a kansa yana jiran ya gane shi tsaf kafin ya ci gaba, yawan karatu da saurare ne ke gyara shi.

Akwai kuma ƙidaya. Kowane irin abu da kalmar ƙirga shi: mai ga abu mai faɗi kamar takarda, hon ga dogon abu kamar biro, dai ga mota da inji, nin ga mutane.

Rubutun nan mai kama da zane, ta ina ake fara shi?

Nan ne ainihin aikin yake. Rubutu uku ake haɗawa a jimla guda.

Hiragana haruffa 46 ne, kowanne gaɓa ɗaya. Da shi ake rubuta ƙarshen aikatau da ƙananan kalmomin nahawu. Katakana ma 46 ne, sautukan iri ɗaya da na hiragana amma siffa daban, kuma da shi ake rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi, har da naka. Kanji kuwa haruffa ne da aka aro daga Sin, kowanne da ma'anarsa. Jerin da gwamnati ta fitar a 2010 na waɗanda ake amfani da su yau da kullum ya ƙunshi 2,136, kuma yaro Bajapane yana koyon 1,026 daga ciki a shekara shidan firamare.

Tsarin da muke ba da shawara shi ne: mako biyu na farko a kan hiragana, haruffa biyar a rana, ana rubutawa da hannu bisa jerin da aka tsara wa kowane layi. Mako biyu na gaba a kan katakana. A nan a kula da シ da ツ, da kuma ソ da ン, don suna kama sosai. Bambancinsu yana ga inda alƙalami ya taso da inda ya nufa, shi ya sa wanda ya koya da ido kawai yake ta rikita su. Daga wata na biyu a jefar da rubutun boko kwata-kwata. Wanda ya ci gaba da karanta Japananci da haruffan boko ya wuce wata guda, yana ɗaure wa kansa ƙafa ne.

Kanji kuma kada a haddace shi tsirara. Yawancinsu suna da karatu biyu ko fiye, na asalin Japan da wanda aka aro daga Sin. Harafin 山, dutse, shi kaɗai yama ne, amma a sunan dutsen Fuji san ake karanta shi. Wanda ya zauna yana haddace duk karatun harafi ɗaya-ɗaya zai gaji bai tsinana komai ba. A koyi kalma sukutum, da harafinta da sautinta, a cikin jimla. Sannan a san ƙananan sassan da ake harhaɗa haruffan da su: 休, hutu, mutum ne a gefen bishiya. Da zarar ido ya fara ganin sassan, harafi mai layi goma sha biyar ya zama guntaye uku da ka riga ka sani.

Shekara nawa zai ɗauka?

Makarantar da ke koyar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Japananci a rukunin harsuna mafi wahala, tana ba shi kimanin sa'o'i 2,200 na aji. Wanda ke ba shi sa'a ɗaya ko biyu kullum, ba fashi, zai iya gaisawa da ciniki da ƙananan hirarraki cikin wata shida zuwa shekara. Matakin da kamfani zai ɗauke shi aikin ofis kuwa, ya ƙiyasta shekara uku zuwa huɗu. Duk wanda ya yi maka alkawarin wata uku, kuɗinka yake so.

Mece ce JLPT, kuma wane mataki ne ke da amfani?

Ita ce jarrabawar ƙwarewa a Japananci da aka fi amincewa da ita, tun 1984 ake yin ta. Matakanta biyar ne, daga N5 na masu farawa zuwa N1 na ƙwararru. Ana yin ta ranar Lahadin farko ta watan Yuli da ta watan Disamba, amma wasu garuruwan wajen Japan sau ɗaya kawai suke yi a shekara. A Afirka ana zana ta a garuruwa irin su Alƙahira da Nairobi da Accra, kuma jerin yakan canza, don haka a duba shafin jarrabawar watanni kafin lokaci, don rajista da wuri take rufewa.

Maki 180 ne gaba ɗaya. Ana cin N5 da 80, N4 da 90, N3 da 95, N2 da 90, N1 da 100. Ga tarkon da ke kama mutane: kowane sashe yana da nasa mafi ƙarancin maki. A sashen saurare, misali, dole a samu 19 cikin 60. Wanda ya haura jimillar da ake bukata amma ya gaza a sashe ɗaya, ya faɗi. Masu karatu su kaɗai da littafi a saurare suka fi faɗuwa, waɗanda kuma suka koya da kallo a karatu suke faɗuwa, galibi don lokaci ya ƙare musu ba su kai ƙarshen takarda ba.

N5 ta ƙarfafa gwiwa ce kawai. N4 ce ƙofar wasu ayyukan hannu. N2 ce yawancin kamfanoni ke nema, N1 kuma ta fassara da manyan ayyuka. A sani cewa jarrabawar ba ta gwada magana ko rubutu, zaɓi-ka-cike ce. Akwai masu N2 da ba sa iya amsa waya, kuma ranar ganawar ɗaukar aiki asirinsu ke tonuwa.

Yana taimakawa wajen samun tallafin karatu?

Sosai, ko da ba duka ne ke sharɗanta shi ba. Babban tallafi shi ne na ma'aikatar ilimin Japan, MEXT, wanda aka fara a 1954. Yana ɗauke kuɗin makaranta da na jirgi zuwa da dawowa, da alawus na wata-wata: a shekarun nan yen 117,000 ga masu digirin farko, da yen 143,000 zuwa 145,000 ga masu bincike da digiri na biyu da na uku. Ɗan Najeriya ta ofishin jakadancin Japan da ke Abuja yake nema, kuma sanarwar takan fito wajen watan Afrilu ko Mayu. Ba a biyan ko sisi wajen nema. Mai neman gurbin bincike sai ya kasance ƙasa da shekara 35, ya rubuta tsarin bincikensa, ya zana jarrabawa, ya zauna ganawa, sannan ya nemi jami'ar da za ta karɓe shi. Wanda ya zo ganawar da N4 ko N3 a hannu ya riga ya amsa tambayar da ke ran masu tantancewa, wato ko da gaske yake.

Akwai kuma shirin ABE, wanda aka sanar a taron TICAD na biyar, taron Japan kan ci gaban Afirka, a Yokohama a 2013. JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashen waje, ke gudanar da shi. Digiri na biyu ne ga matasan Afirka, haɗe da zaman koyon aiki a kamfanin Japan. Karatun da Turanci ake yi, amma a kamfani hira da Japananci take tafiya, kuma wanda ke ji shi ake tunawa bayan an watse.

Ɗalibi mai izini yana iya yin aikin sa'o'i 28 a mako. Irin aikin da zai samu ya danganta da bakinsa: marar harshe wankin kwanuka ko ɗaukar kaya, mai harshe kanti ko ofis. Kada a haura sa'o'in nan, don yana hana sabunta biza.

Idan na iya harshen, za a ba ni bizar aiki?

A'a, harshe ba biza ba ne. Sai kamfani ya ɗauke ka tukuna, sannan a nema maka takardar cancantar zama, kuma bizar aikin ofis ko injiniya takan bukaci digiri ko shekarun gogewa. A watan Afrilun 2019 Japan ta buɗe bizar ƙwararrun ma'aikata ta tokutei ginō, don fannoni irin su kula da tsofaffi, gini, noma da sarrafa abinci. Tana bukatar N4 ko JFT-Basic, wata jarrabawar Japananci ta matakin farko, da wata jarrabawar sana'a, wadda akasari a Japan da ƙasashen Asiya ake zana ta. Ga masu manyan takardu kuma akwai tsarin maki: N1 na ba da 15, N2 na ba da 10. Wanda ya tara 70 zai iya neman zaman dindindin bayan shekara uku, mai 80 bayan shekara ɗaya.

A yi hattara da 'yan damfara. A watan Agustan 2025, JICA ta haɗa garin Kisarazu da Najeriya a wani shirin zumunci, sai labari ya bazu cewa an ware wa 'yan Najeriya biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta ƙaryata, kuma a watan Satumba aka janye shirin ɗungurungum. Duk wanda ya zo maka da "bizar Kisarazu" ko gurbin aiki na sayarwa, ka riƙe kuɗinka.

Ni ba ni da niyyar zuwa Japan. Zai yi mini amfani a gida?

Zai yi, amma kasuwar ƙarama ce, gara a faɗi gaskiya. JICA na da ofis a Abuja da Yamai, hukumar cinikayya ta JETRO na Legas, Honda na haɗa babura a Ota, kamfanin Ajinomoto mai farin magi ya daɗe a Najeriya. Yawancin aikinsu da Turanci ko Faransanci ne, amma ma'aikacin da zai iya karanta saƙon da ya zo daga hedikwata ba a sakinsa da sauƙi.

Inda muka fi ganin dama shi ne kasuwanci. Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, irin wanda ake nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai, kuma tana da tsauri kan ragowar maganin ƙwari a cikin abinci. Mai fitar da kaya da ke iya karanta sharuɗɗan da kansa, ya kuma amsa ƙorafi da harshen mai saye, ya rage dogaro da dillali.

Haka ma masu injuna da kayan gyara. Motocin Japan sitiyarinsu a dama yake, don haka ba su dace da hanyoyinmu ba, amma injinansu da sassansu suna shigowa. Takardar gwanjonsu da Japananci take. 修復歴 na nufin motar ta taɓa haɗarin da ya taɓa ƙashin jikinta aka gyara. Shekara kuma da zamanin sarki ake rubuta ta: a ƙara 1988 a kan shekarar Heisei, ko 2018 a kan ta Reiwa, wato H30 ita ce 2018, R3 kuma 2021. Farashi da kalmar man (万) ake faɗa, wato dubu goma-goma, don haka 50万 yen dubu ɗari biyar ne. Sifili ɗaya da aka ɓatar a nan ya isa ya cinye ribar kwantena.

Musulmi zai iya rayuwa a can? Harshen na da hannu a ciki?

Akwai masallatai, daga na Kobe da aka gina a 1935 zuwa babban masallacin Tokyo, da shagunan halal a manyan birane. Amma a kantin unguwa, karatu ne ke cetonka. Waɗannan a haddace su tun kafin a hau jirgi: 豚 da ポーク alade ne, ラード kitsensa, ゼラチン sinadarin daskarar da alewa wanda sau da yawa daga alade yake, 酒 da 酒精 da アルコール giya ko sinadarinta, みりん kuma giyar shinkafa mai zaƙi da ake sa wa girki. Ana samun su a inda ba a zato, kamar burodi da miyar taliya da soyayyen dankalin leda.

A lura da wannan: ɗan akwatin da ke lissafa abubuwan da jiki ke ƙi, doka ta tilasta rubuta irin su ƙwai da madara da alkama da gyaɗa ne, alade kuwa shawara kawai aka bayar. Rashin ganinsa a akwatin ba hujja ba ce, sai a karanta cikakken jerin kayan haɗin.

Ƙasa ce kuma ta girgizar ƙasa. 地震 girgiza, 津波 igiyar tsunami, 避難 gudu zuwa mafaka. Lambar 'yan sanda 110, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119.

Me harshen ke koya wa mutum game da mutanen?

Abin da fassara ba ta iya ɗaukowa. Girmamawa a cikin aikatau take: akwai siffar ɗaukaka wanda kake magana da shi, da siffar ƙasƙantar da kai, da ta ladabin yau da kullum. "Ci" kaɗai taberu ne tsakanin abokai, meshiagaru idan babba ne ke ci, itadaku idan kai ne ke ci a gabansa. Wanda ya tashi yana ce wa dattijo "ku", yana kauce wa kiran sunan suruki, ya san tushen abin. Amma akwai inda ya saɓa wa tunaninmu: a gaban baƙo ko abokin ciniki, shugabanka na ofis "naka" ne, don haka ba ka girmama shi a magana, ko san, kalmar girmamawa da ake sawa bayan suna, ba ka liƙa wa sunansa. Kuma ba a taɓa sa wa sunan kai san.

Ba kasafai suke cewa "a'a" ƙiri-ƙiri ba. Hai sau da yawa "ina jin ka" ne, ba "na yarda" ba. Wanda ya ja numfashi ya ce chotto, wato "ɗan kaɗan", bai ƙarasa ba, ya ƙi ke nan. Kentō shimasu, "za mu duba", a bakin ɗan kasuwa galibi sallama ce cikin mutunci. Baƙi da yawa sun yi watanni suna jiran amsar da tuni aka ba su.

A wurin aiki kuma akwai abin da suke kira hōrensō: kai rahoto, sanarwa, neman shawara. Matsala tun tana ƙarama ake faɗa wa na sama. Wanda ya ɓoye ta don ya gyara da kansa ya burge, ko ya yi nasara ba a yaba masa.

Kallon fina-finansu na zane ya isa?

Yana horar da kunne, yana riƙe sha'awa, amma bai isa ba. Jaruman ciki magana suke ta gatsali. Wanda ya ce wa malami omae, wato "kai" na gatsali, ya yi rashin kunya babba.

Tunda waya na fassara, me ya sa zan wahala?

Waya za ta karanta maka allon tasha da takardar abinci. Amma Japananci yakan jefar da mai aikatawa daga jimla, sai na'ura ta yi ta canka waye ya yi, wa aka yi wa. A kwangila ko gaban likita wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Da me zan fara yau, ba tare da kashe kuɗi ba?

Gidauniyar Japan Foundation na da darussa kyauta a intanet, Irodori da kuma dandalin Minato, da sautinsu da za a iya saukewa a saurara ba data. NHK na da shafin labarai cikin sassauƙan Japananci, da ƙananan hiragana a saman kowane kanji. A sa madannin Japananci a waya, a kuma sauke manhajar bita irin Anki.

A raba sa'ar kowace rana uku: minti 20 bitar kalmomi, minti 20 sabon darasi, minti 20 saurare ana maimaitawa da murya a bayan mai magana. Sababbin kalmomi kada su wuce goma zuwa sha biyar a rana. Mai zumuɗi yakan sa hamsin, bayan mako uku bitar ta taru ta kai ɗaruruwa, ya tsallake kwana biyu, daga nan ya daina buɗe manhajar. Idan bita ta taru, a tsayar da sababbi har sai an share ta. Daga wata na uku a nemi abokin hira, ko ta intanet ne, sau ɗaya a mako, sannan a yi rajistar N5 ko N4 don karatun ya samu ranar da yake fuskanta.